Malam Ishiyaku Mai Duro da Waken Marigayi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Rano ya san wannan ƙarar. Tun masu kayan miya ba su gama shimfiɗa buhunansu ba, tun mahauta ba su rataye nama ba, za ka jiyo ta daga can bayan 'yan hatsi: gwam, gwam, gwam. Malam Ishiyaku mai duro ne ya iso rumfarsa.

Haka yake yi shekara da shekaru. In ya dawo daga masallaci ya sha kokonsa, sai ya ɗaure duro biyu ko uku a bayan tsohon babur ɗinsa ya taho a hankali, in kana bayansa ko hularsa ba ka hangowa. Yana isowa ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙusa, ya ɗauki 'yar gudumarsa ya bi gangunan nan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kamar maigida yana bin ɗakuna yana gaida iyalinsa. Wadda ta yi 'yar huda, da jin amonta ya sani. Wadda tsatsa ta fara ci ta ciki, ya sani. Sannan ya buɗe murfi ya cusa kansa ya shaƙa. Gangunan ba sababbi ake kawo masa daga Kano ba, kowacce ta taɓa ɗaukar wani abu. Wadda ta ɗauki man girki ko ruwan lemo, ya wanke ta da toka da sabulu da ruwan zafi, ya kifa ta a rana. Wadda ta ɗauki maganin feshi, ko wani abin da hancinsa bai gane ba, da hannunsa yake huda gindinta don kada gobe wata ta tara ruwan sha a ciki. Asarar tasa ce, bai taɓa ɗora ta a kan kowa ba.

Bana hannun nan ya huta. Kunnuwan Malam Ishiyaku sun toshe, gwiwoyinsa sun ƙi, ya miƙa rumfar ga Muntari ɗan wansa, ya koma gida ya zauna. Ba a yi taro ba, ba wanda ya miƙe ya yi jawabi. Shi ya sa ni Dije, daga Durba ta ƙasar Kibiya, na ce bari in faɗi abin da na sani game da shi tun yana raye.

Gangunansa duk sunaye gare su, shi ya raɗa musu. Babbar ta ƙarfe mai faɗin baki, wadda ake ɗaure murfinta da zobe da noti, ita ce Giwa. In ruwa ne, jarka takwas take sha. In wake ne, kwano sittin da biyar. Mai bi mata, shuɗiyar roba, ita ce Saniya, buhu guda take ci, kwano arba'in. Sai Maraƙi mai kwano ashirin. Sai Ɗan'akuya mai kwano goma, wanda mata ke so don kalwa da gyaɗa. Akwai lita a rubuce a jikinsu, ɗari biyu, ɗari da ashirin, sittin, talatin, kuma ya san su sarai. Amma mu da kwano muke auna rayuwarmu, don haka da kwano yake yi mana magana.

In ka je sayen duron wake, kafin ka nuna wanda kake so zai tare ka da tambaya ɗaya: "Me ka noma?"

Ga dalilinsa, yadda ya sha faɗa wa mutane har muka haddace. Ƙwaron wake ba daga waje yake shiga ba, tun daga gona yake biyo ƙwayar. Kuma numfashi yake yi kamar ni da kai. In ka cika duro har baki ka toshe shi ƙam, iskar ciki ta ƙare, ƙwaro ya mutu da shi da ƙwansa. In kuwa ka zuba rabi ka bar rabi fanko, "ai ɗaki ka kama masa," in ji shi, "sai dai ka ƙara masa tabarma." Saboda haka bai taɓa sayar wa mutum duron da ya fi ƙarfin gonarsa ba, komai son mutumin, komai ƙarancin ciniki a ranar.

Yaran yanzu ba su san wahalar da iyayenmu mata suka sha a kan wake ba. Na tuna innata tana cuɗa shi da toka da barkono a randa, ta liƙe bakin da laka, ta yi ta addu'a. Bazara na yi a fasa, wani lokaci a samu rabi, wani lokaci ƙwari su taso maka a fuska, sauran duk gari. Daga baya aka shigo da wani farin magani ana barbaɗawa, waken ya tsira amma cikin mutane ya riƙa murɗawa. A bakin Malam Ishiyaku muka fara jin cewa duro da murfi mai kyau sun isa, ba sai an sa wa abinci guba ba.

Maigidana sunansa Ramalan, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba yana raye, yau ga shi na rubuta. Shekarar da muka yi aure, yana ji da ƙuruciya, ya je rumfar ya tsaya ya nuna Giwa da haɓa.

"Malam, waccan babbar nake so."

"Sannu da zuwa, Sarkin Noma. Kwano nawa ka samu bana?"

"To, ya dai kusa buhu."

"Ya kusa buhu ta ina? Ta sama ko ta gindi?"

'Yan hatsi suka fashe da dariya. Kwano goma sha takwas ne. Malam Ishiyaku ya mirgino masa Maraƙi ya ce, "Ɗauki wannan, ka nemo kwano biyu ka cike. Ranar da ka noma abin da Giwa za ta ci, ni da kaina zan kawo maka ita har ƙofar gida."

Ya dawo gida yana ta ƙunƙuni, wai tsohon nan ya kunyata shi a gaban mutane. Amma maganar ta zauna masa a rai. Muka yi shekaru da Maraƙi, muka koma Saniya. Ya ƙara gona, ya riƙa kai taki da jaki tun rani. Sai wata kaka da Allah ya yi mana buɗi, muka auna muka sake aunawa, kwano sittin da bakwai. Ban san wanda ya kai labari Rano ba. Da hantsi muka ji babur ya tsaya, ga Malam Ishiyaku da koriyar Giwa ɗaure a bayansa, yana ƙwala kira, "Ina Sarkin Noman? Fito ka karɓi baƙuwarka!"

Ban taɓa ganin maigidana ya yi dariya irin ta ranar ba. Aka ɗora ta a kan katako a kusurwar zaure inda rana ba ta kaiwa. Tun daga nan, kullum zai fita gona sai ya ɗan doki kafaɗarta da tafin hannu, har fentin wurin ya goge ya yi fari. Kowace kaka kuma Malam Ishiyaku zai zo rufe ta. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, in ta yi ƙas ya ce a zuba, in ba ta yi ba ya ce a mayar rana. In sun gama su zauna a tabarma in kawo musu ɗanwake da man gyaɗa, su yi ta gardama a kan ruwan baɗi kamar a hannunsu yake. Ina daga ciki ina jin su. Da na san shekarun nan ƙirgaggu ne, da na ƙara kasa kunne.

Waken da muke zubawa ba irin na kasuwa ba ne. Fari ne ƙanana mai jan hanci, maigidana ya gaje shi wurin mahaifinsa. Yana da saurin dahuwa, yana yaɗo ya ba da harawa mai yawa. Da sabon iri mai saurin nuna ya shigo, kowa ya koma can, shi kaɗai ya riƙe na gado a duk Durba. In aka yi masa tsiya sai ya ce bai ga abin da waken ubansa ya yi masa ba da zai sake shi.

Damina uku ke nan da suka wuce, wake na cikin fure, ya dawo daga gona da zazzaɓi. Bai tashi ba.

Gonar ta zauna ba mai duba ta. Tsutsa ta ci, awaki suka ci. Abin da maƙwabta suka taya mu suka roro, da aka casa aka auna, kwano ashirin da uku ne. Shi ke nan irin da ya rage a duniya, iya sanina. In ƙwari suka cinye shi kafin shuka, waken ya bi mai shi.

Malam Ishiyaku ya riga ya zo gaisuwa tun ranar uku. Da kaka ta yi sai ga shi kuma, ba wanda ya aika masa, da Maraƙi ɗaure a babur. Ashe ya bi ta gefen gonar ya gani da idonsa. Ina cikin takaba, don haka daga bayan labulen zaure na tsaya. Wadda ke zaure tare da shi ita ce Juwairiyya, ƙawata Bafulatana daga rugar bayan gari, mai kai nono Rano ranar kasuwa. Ita ta riƙa sayen harawarmu tun da can, kuma bakinta ba ya tsoron kowa.

"Dije, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Baba."

"Na zo miki da Maraƙi. Ashirin mu rufe, ukun ki dafa wa yara."

Na ce, "Baba, a Giwa za a zuba."

"Ko rabinta ba zai kai ba, 'yata. Kafin azumi gari za ki tarar."

"A Giwa yake zubawa."

"Na sani. Ai ni nake rufe masa."

"To a ciki za a zuba. In zai zama garin ya zama. Ba zan zauna ina kallon ta fanko ba, ba kuma zan ga an mirgina ta waje ba."

Na san ba magana ce ta hankali ba. Amma a lokacin gani nake in Giwa ta kwana fanko a kaka, to an sake binne maigidana ne.

Juwairiyya ce ta ba ni labarin abin da ban gani ba. Ta ce ya zauna a kan dugadugansa yana kallon Giwa, can ya miƙa hannu ya ɗora a daidai wurin da fenti ya goge, ya daɗe bai ɗauke ba. Mutum ne da ya kori masu kuɗi daga rumfarsa a kan wannan ƙa'ida, bai taɓa lanƙwasa ta don kowa ba. Da ya so, sai ya ce in yi yadda na ga dama ya hau babur ɗinsa. Da ya so, sai ya kira mazan gidanmu su fi ƙarfina. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ta yi ƙas. Sai ya juyo wurin Juwairiyya.

"Ke 'yar Fulani, akwai gero a rugarku?"

"Kai Baffa! Ka gama da waken mutane, yanzu kuma geronmu ka sa wa ido? Ba na sayarwa ba ne."

"Wa ya ce ki sayar? Ajiya za ki kawo."

"Ajiyar me? Rumbunmu ya ce maka ya gaji?"

"Ke dai bakinki ya fi ƙwaryarki girma. Tsaya ki ji."

Ya ce gero ƙanana ne, in aka zuba shi tare da wake zai shige duk wani lungu da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ya kore iska, ya cike sauran wurin har baki. Ranar buɗewa kuma rariya ta raba su, gero ya zube ƙasa, wake ya tsaya a sama, ba abin da zai gauraya irin. Abin da ake nema kawai gero ne mai yawa, fiye da buhu. Mu kuwa namu geron bai taka kara ya karya ba a shekarar.

Da aka idar da azahar ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu ya ce, "Jama'a, Giwar Ramalan tana da wuri bana. Duk mai geron da yake jin tsoron ɓera ko gara, ya kawo ajiya, kyauta ne, sai damina ya karɓi abinsa."

Wa ke ajiye gero a duro a Durba? Kowa damminsa na rumbu lafiya lau, gero a zangarniyarsa shekara yake yi ba abin da ya same shi. Kowa ya san haka, shi ma ya san sun sani. Amma kafin la'asar na fara jin lugude daga gidan da ke bayanmu, sai na gefe ya ɗauka, sai na gaba. Unguwa gaba ɗaya ta kama sussuka kamar ana shirin biki. Ina zaune a ɗaki da carbi a hannu, na kasa ja.

Suka riƙa shigowa da shi, wannan a ƙwarya, wannan a kwano, wannan rabin buhun taki. Juwairiyya ta koma ruga ta dawo da nata a ka tana haki tana cewa, "Baffa, in ɓera ya shiga duron nan kai za ka biya ni, da saniya sukutum."

"Wacce? Ta roba ko mai ƙaho?"

Shi kuwa yana ta aikinsa. Ya zuba wake kaɗan, ya zuba gero, ya rungumi Giwa ya jijjiga, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Daga bayan labule ina jin amon yana sauyawa. Da farko gwam, gwam, kamar rijiyar da ba ruwa. A hankali ya koma dim, dim, yana hawa sama. Da geron mutane ya ƙare saura kamar yatsa huɗu, ya fita wurin babur ya kwance ɗan ƙullin geron da ya saya don kokon gidansa ya juye. Ya shafe bakin da tafin hannu, ya shimfiɗa robar cikin taya a gefen murfi, ya sa zobe, ya ɗaure noti da sifana har sai da ya yi nishi. Sannan ya jefa sifanar a aljihu.

"Dije, na yi miki yadda kike so. Saura ki yi mini yadda nake so. Ba a buɗe ta sai ruwan shuka ya sauka. Ko leƙawa aka yi, iska ta shiga, aikin ya ɓaci."

Baba Ishiyaku, kai ne ka ga mace tana magana ba ta cikin hayyacinta, ba ka yi mata dariya ba, ba ka kuma bar ta ta yi asara ba. Kai ne ka roƙa mini abinci a ƙofar masallaci ba tare da ka ambaci sunana ko kalmar sadaka ba. Mai auna gona kafin ya auna duro, ranar nan zuciya ka auna.

Watannin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. An ce waken da ƙwari ke ci yana ɗumi, kuma in ka kara kunne za ka ji motsinsu sur-sur. Kullum da safe sai na je na ɗora hannu a wurin da fenti ya goge in ji ko da ɗumi, in kara kunne in saurara. Wata rana in ji shiru, wata rana in rantse na ji motsi, ashe jinin kunnena ne.

Da azumi ya kama, gida ya yi wuya. Yara suna jin ƙamshin ƙosai daga maƙwabta, ga wake a zaure an kulle. Ni ma, in faɗi gaskiya, so nake in gan shi da idona, in damƙa in ji. Na aiki Juwairiyya ranar kasuwa ta karɓo mini sifana, kwano ɗaya kawai zan ɗiba in mayar in rufe.

Ta same shi yana wanke wata Saniya.

"Baffa, Dije ta ce a ba ta sifana."

"Ayya. Sifana ta ɓata."

"Ta ɓata? Ga ta nan tana leƙe daga aljihunka!"

Ya duba aljihun kamar bai taɓa ganinsa ba. "Wannan? Ai ƙanwarta ce. Ba ta kama wancan notin."

"Baffa, da azumi a bakinka!"

"To na fasa, ita ce. Ba zan bayar ba. Je ki faɗa mata haka."

Ya tsallaka wurin 'yan hatsi ya sa aka auno waken kasuwa kwano biyu, ya ɗora mata a kan ƙwaryar nono. "Ki ce ta yi wa yara ƙosai. Wancan na zaure ba na ci ba ne, na Ramalan ne."

Ranar na ji haushinsa. Amma yara sun ci ƙosai.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba. Washegari da hantsi, ƙasa na ƙamshi, sai ga ƙarar babur ɗin nan. Lokacin na fita takaba, don haka a gabana aka yi. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, Juwairiyya ta riƙe rariya. Ya durƙusa ya sa sifana a noti. Ya yi bisimilla sau biyu. Murfin ya ɗago da ɗan huci.

Gero ne a sama, lafiya lau. Ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya lalubo, ya ɗebo ya zuba a rariya. Juwairiyya ta girgiza. Geron ya zube kamar yayyafi, sai ga su nan sun tsaya a sama, farare tas da jan hancinsu, kamar jiya aka casa. Ya tsince 'yan ƙwari biyu busassu ya hure. Ya ɗauki ƙwaya ya juya ta, ya sake ɗaukar wata, ba huda. Ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi. Wallahi Dije, ni ma ban taɓa yin irin wannan ba. Tun da na rufe ta ban daina tunaninta ba."

"Au!" in ji Juwairiyya. "Ashe da geronmu ka koyi aiki!"

Na cika hannuwana biyu da waken na kifa fuskata a ciki. Suka bar ni na yi kukana.

Da muka gama tankaɗe, gero ya taru tsibi guda a tabarma. Na share ido na ce, "Baba, sai a kira masu ajiya kowa ya karɓi nasa."

"Su wa ke nan?"

"Waɗanda suka kawo. Ai a gabanka aka zuba."

"Ni duro nake kallo. Na ji dai ana zubawa, ban ɗaga kai na ga mai zubawa ba."

Na bi gidajen unguwa da kaina. Wannan ta ce ranar ba ta gari. Wannan ta ce ita sussukar tuwonta ta yi. Wani dattijo ya ce shi bai ma san muna da duro ba, alhali da shi aka sauke Giwa daga babur. Na juyo kan Juwairiyya, wadda na ji hakinta da kunnena, ta ce, "Mu Fulani ina muka ga gero? Ke dai ki ajiye mini harawa."

Geron nan shi muka ci a watannin da rumbu ke ƙarewa, sabo bai nuna ba. Shi ya kai ni da yara har kaka.

Muka shuka waken. Ɗayyabu ƙanin marigayi ya riƙe mana huɗa da noma, ni da yara muka riƙe sauran. Shekarar farko kwano arba'in da 'yan kai, muka cike da geronmu na kanmu. Ta biyu ya haura hamsin. Gida huɗu sun karɓi irin a wurina, don sun ga harawarsa, yanzu in suna magana sai su ce waken Ramalan. Bana muka auna, muka sake aunawa, sittin da shida.

Na aika Rano, aka ce ai Malam ya daina fita, Muntari zai zo. Muntari mutumin kirki ne, ya koyi aikin da kyau, kuma shi ma tambayar farko da yake yi wa mutum ita ce me ka noma. Amma na ce a yi mini haƙuri da wannan karon. Muka ɗauki shatar adaidaita sahu, Ɗayyabu ya je ya ɗauko shi, aka riƙo shi har zaure aka zaunar a kan kujera kusa da Giwa.

Ya rame. Na gaishe shi, ya ga bakina na motsi ya yi murmushi ya ce, "Lafiya lau," da ƙarfi kamar yana kiran wani a gona. Ya ciza ƙwaya, ya gyaɗa kai. Muka zuba, muka jijjiga, muka zuba. Ya ciro 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa ya kara kunne yadda ya saba. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ba ya jin komai.

Sai ya miƙo mini gudumar, ya shimfiɗa tafin hannunsa a jikin Giwa, a wurin nan da fenti ya goge, ya rufe ido.

"Buga, Dije."

Na buga ƙasa. Na buga tsakiya. Na buga can sama kusa da baki.

Ya buɗe ido. "Ta cika! Ina geron?"

Na girgiza kai, na ɗebo waken na nuna masa, na nuna har ƙasa.

"Zalla?"

Na gyaɗa kai.

Ya yi dariya har hawaye ya zubo masa a gemu. "Sarkin Noma," in ji shi. Ban sani ba ko da ni yake ko da wanda ya tafi, ban kuma tambaya ba. Ɗayyabu ya taya shi ɗaure notin. Da aka gama ya riƙe sifanar yana juya ta, ya kai ta bakin aljihu yadda ya saba, sai ya fasa. Ya kamo gefen mayafina ya ɗora ta a kai.

"Riƙe. Ke ma yanzu kin san lokacin buɗewa."

Baba Ishiyaku, na san ba za ka ji wannan da kunnenka ba, amma Muntari ya yi mini alkawarin zai zauna kusa da kai ya nuna maka shi layi-layi. Na gode. Yarana sun gode. Wanda ke kwance ma, da zai iya magana, da ya ce tsohon nan da ya kunyata shi a gaban 'yan hatsi ya riƙe masa amana. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ƙarshenka ya yi kyau, ya ba ka inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa.

Ku kuma masu sana'a, ko me kuke sayarwa, ku riƙa tambayar mutum abin da ya noma kafin ku miƙa masa abin da idonsa ke so. In kun ga wanda nasa bai kai ba, ku nemo hanyar cike masa yadda ba zai sunkuyar da kai ba. Mutanen Rano, tsohon nan yana nan a ƙofar gidansa kullum da hantsi, a kan tabarma, da 'yar gudumarsa a gefe. Kada ku yi sallama daga nesa ku wuce ku ce bai amsa ba. Ku matsa ku dafa kafaɗarsa.

Sifanar tana ƙarƙashin akwatina. Azumi ya zo ya wuce ban taɓa ta ba. Yau da safe na ɗora hannu a jikin Giwa, sanyi ƙalau, kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas.